Farar hula, ƙuri'a da sarkin yawa

Wani mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da tambaya: "Malam, mulkin farar hula da dimokuraɗiyya duk abu ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa, ko da yake bakin mutane ya gwama su. "Farar hula" kishiyar soja ce kawai, wato wanda ba ya cikin kaki. Tufafin mai mulki take faɗa, ba ta faɗin yadda aka yi ya hau kujera. A watan Agustan 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Babangida ya miƙa ragamar ƙasa ga Cif Ernest Shonekan. Farar hula ne, amma ba wanda ya jefa masa ƙuri'a, kuma kafin ya cika wata uku Janar Abacha ya kawar da shi. Ita kuwa dimokuraɗiyya aro ce da ta biyo ta Turanci, tushenta Girkanci: "demos" jama'a, "kratos" iko.

Kalmar da ta fi ban sha'awa a nan ita ce ƙuri'a. Daga Larabci muka samo ta, kuma asalinta fitar da mai rabo ne. Kamar dai 'yan adashi in sun rasa wanda zai fara kwasa: a rubuta sunaye a 'yan takardu, a nannaɗe, a zuba cikin hula, a kira yaro ya zaro ɗaya. Haka mutanen Atina na dā suke cike majalisarsu mai mutum 500. Mu kuwa mun juyar da kalmar. Yau ƙuri'a ba sa'a ba ce, mutum ne ke dangwala yatsa da saninsa.

Wata malamar Islamiyya daga Agege kuma ta ce: "Karin maganar nan, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ba ita ce dimokuraɗiyya ba?"

Malama, rabinta ce. Bahaushe ya yi wannan magana ne kan taron dangi, irin na gayya, inda mutum ashirin ke nome gonar da ƙato ɗaya zai yi mako bai gama ba. Ta dace da ranar zaɓe, domin rinjaye ake ƙirgawa. Inda take gazawa shi ne ba ta ce komai kan marasa rinjaye ba, ba ta kuma yanka wa sarkin yawa wa'adi ba. In aka sake masa linzami, shi ma sarkin ƙarfi yake komawa.

Shi ya sa kundin tsarin mulkin 1999 ya yi masa dabaibayi. Wa'adin shugaban ƙasa da gwamna shekara 4 ne, sau biyu kacal. Yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba: sai ɗan takarar gwamna ya sami aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiharsa, waɗanda jimillarsu a Legas 20 ne. Bahaushen Ikko ma ya fi kowa sanin amfanin dabaibayin nan, tunda ba shi ne mai yawa a garin ba. Sashe na 41 ya ba shi damar zama duk inda ya ga dama a Najeriya, na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, addini ko asalinsa.