Gajiyar da barci ba ya kawar da ita: mene ne ke kawo ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 32, 'ya'yana 5, na goyen watansa 4. Tun da na haihu jikina ya mutu. Ko na kwana ina barci, da gajiya nake tashi, in na ɗan yi shara sai jiri da bugun zuciya. An yi mini maganin maleriya da taifot, an ƙara mini ruwa, ina kuma shan haɗin maganin gajiya na kemis, amma shiru. Ga shi kwaɗayin farar ƙasa ya dame ni. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya raya yaro, ke kuma Ya ba ki lafiya. Gajiya ba cuta ba ce a karan kanta, alama ce. Wadda aiki ya kawo, hutu ne maganinta. Wadda ta yi watanni, barci bai taɓa ta ba, akwai abin da ke ƙarƙashinta, shi ya kamata a nemo.

A bayaninki, abin da na fi zargi shi ne ƙarancin jini. Jajayen ƙwayoyin jini su ke ɗaukar iska daga huhu su kai wa kowace gaɓa. In suka yi ƙaranci, dole zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin, shi ne bugun da kike ji, kwanya kuma ba ta samun isasshiyar iska, shi ne jirin. Kowane ciki yana jan sinadarin ƙarfe daga jikin uwa, haihuwa ta zo da zubar jini, in kuma haihuwar kusa-kusa ce, jiki bai mayar da abin da ya rasa ba wani cikin ya shiga. Kwaɗayin farar ƙasa da kika ambata sananniyar alama ce ta ƙarancin wannan sinadari, cin ta kuma ƙara dagula lamarin yake yi. Awon jinin ba shi da tsada, a ƙananan asibitoci ma ana yi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mace marar ciki da himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza giram 12 a kowace desilita ta jini tana da ƙarancin jini. Mai ciki 11 ne, namiji 13.

In ya tabbata, za a ba ki ƙwayar ƙarin jini. Bayan gida zai yi baƙi, kada ki tsorata. Kada kuma ki daina don kin ji sauƙi, ana ci gaba da sha kimanin wata 3 bayan jinin ya daidaita. Ki riƙa cin hanta, nama, kifi, wake da zogale, ki haɗa da lemo ko gwaba. Shayi kuwa ki raba shi da lokacin cin abinci, don yana hana hanji tsotsar ƙarfen. Likita zai kuma duba inda jinin ke tsiyaya: al'ada mai yawa, basir mai jini, tsutsar ciki, tsargiya ko gyambon ciki.

Abu na biyu shi ne wanda ba na so a yi wasa da shi. Akwai raunin zuciya da ke kama mata daga ƙarshen ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, kuma asibitocin Zariya, Kano da Sakkwato sun daɗe suna ganinsa da yawa. Likitoci sun jima suna gargaɗi a kan yawan kunun kanwa, domin gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya nauyi. In ƙafafunki suna kumbura, in kina haki idan kin kwanta sai kin tara matasan kai, ko tari yana tashinki cikin dare, yau za ki je babban asibiti, ba gobe ba. Ƙarin ruwa ga mai wannan ciwo haɗari ne.

Ana kuma duba suga, musamman in akwai ƙishirwa, yawan fitsarin dare da rama. Suga mai kai miligiram 126 a desilita ko sama a awon safe kafin karin kumallo yana nuna ciwon, sai a maimaita don tabbatarwa. Halittar tayirod da ke gaban wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, takan yi sanyin aiki bayan haihuwa: jin sanyi, ƙiba, bushewar fata, taurin bayan gida. Tarin da ya wuce mako 2 da zufar dare yana buƙatar awon tibi, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ciwon hanta, ƙoda da ƙanjamau su ma sukan fara da kasala kawai.

Akwai kuma damuwa. Mai jego da ke kuka ba dalili, ba ta jin daɗin komai, ko yaron ma ya fita ranta, ba raki take yi ba, ba kuma raunin imani ba ne. Ciwo ne, yana da magani. In haka kike ji, ki faɗa wa likita ba kunya.

Haɗin kemis ɗin nan kuwa, don Allah ki ajiye shi. Sau da yawa magungunan ciwon jiki ne irin su diclofenac da ibuprofen, wani lokaci har da dexamethasone. Suna cin bangon ciki har ya yi jini, suna taɓa ƙoda, wato suna iya ƙara ciwon da kike gudu. Awon Widal, wato awon jinin da aka saba yi don neman taifot, shi kaɗai kuma ba ya tabbatar da ciwon.

Ki je asibiti cikin makon nan, ki nemi awon yawan jini, na suga, na fitsari da hawan jini, a kuma saurari zuciyarki. Ki tafi da duk magungunan da kike sha da katin awon cikinki. Maigida ya raka ki in da hali, domin ya ji da kunnensa irin abinci da hutun da kike buƙata.