Amsa ga mai tambayar labule da guntayen atamfa

Wa alaikumus salam ƴar uwa, na ga kin ce guntayen atamfa sun cika maki jaka tun na lefe da na ɗinkin sallah, kina son ki yi labule amma kina tsoron kar ya fito kamar tsumma. Wallahi yana yi, ni nan Gusau labulen ɗakina da na kicin duk da su na ɗinka, amma bari in hwaɗa maki inda na sha wuya.

Na farkon da na yi ban wanke komi ba, na haɗa atamfa da shadda har da wani leshi don kawai kalolin sun yi man kyau. Wanki ɗaya atamfar ta tsuke, shaddar tana nan yadda take, labule ya karkace gefe guda, ga wata ja ta zuba ta ɓata sauran, maigida har yau tsiya yake man. To ki jiƙa su tukuna kowace kala daban, su bushe ki goge kafin almakashi ya taɓa su. Kuma atamfa da atamfa, shadda da shadda, kar ki gama mai nauyi da marar nauyi.

Wajen awo ki sa tef ki auna faɗin taga ki ninka biyu, in ƙyallen bai isa ba ko ɗaya da rabi ya yi, in ba haka ba zai tsaya sharɓe babu tattara. Tsawo kuma ki ƙara inci 8 saboda kalmasa da gidan da ake zura ƙarfen labule. Faɗin atamfa wajen inci 45 ne, shi yasa ragowar yadi 2 ke rufe ƙaramar taga ba sai kin yi ta haɗe-haɗe ba. Ƙananan ki yanka su girma ɗaya, ki jera a tabarma ki duba da ido kafin ki hau keke. Ni Butterfly ɗina ta ƙafa nake amfani da ita, allura lamba 14, inda ɗinki ya haɗu ya yi kauri in sa 16.

Sai shafi, wato yadin da ake ɗinka ma labulen ta baya, don Allah kar ki ji ƙyashin kuɗinshi. Ranar garin nan ta watan Maris da Afrilu ba ta barin kala, kuma in babu shafi duk wanda ya biyo ta waje bayan ɗinki zai gani. Farin yadi mai arha ya isa, shi ma a wanke shi. Nawa na ƙofa har ƴan tsabobin kuɗi na cusa cikin kalmasar ƙasa don iskan hunturu ya daina ɗaga shi.