Tafiya Umara da yaron da ba ya cin gyaɗa

Tambaya: Ɗana mai shekara 8, ko ɗan kaɗan ya ci gyaɗa sai fuskarsa ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Za mu tafi Umara cikin ayari, abincin kuma na bai-ɗaya ne. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, tun kafin tafiya ki rubuta wa jagoran ayarin, ki kuma karɓi takardar likita. Ki riƙe katin da aka rubuta da Larabci cewa ba ya cin gyaɗa, domin a Saudiyya gyaɗa "ful sudani" ake ce mata.

Haɗarin ya fi yawa a abincinmu na gida da ake dafa wa alhazai: yajin tsire akwai ƙuli-ƙuli a ciki, ga kunun gyaɗa, ga miyar taushe, ga man gyaɗa na gargajiya. Cokali ɗaya da aka ɗebi miya biyu da shi ya isa ya jawo matsala, don haka a fara zuba masa nasa da cokali mai tsabta. Alhazai akwai son ba yara kyauta. Ki koya masa kada ya ci sai kin gani.

Allurar adiranalin (ta gaggawa, wadda likita ke rubuta wa masu irin wannan matsalar) guda 2 su zauna a jakar hannunki, kada a bar su cikin mota a rana. Idan numfashi ya sarƙe, ki soka masa a gefen cinya nan take, ki kira motar asibiti a 997.