Ƙarar fashewa a sararin samaniya: gaskiya ce?

Tambaya: Malam, a fadarmu ta unguwar Birni, Damagaram, gardama ta kaure kan wani fim na talabijin: kumbo ya fashe can sama, ƙara ta cika ɗaki. Haka abin yake?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Sauti sai ya samu abin bi, iska ko ruwa ko ƙarfe. Cikin iska yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa. Can babu iska, walƙiyar kawai za ka gani. Bayan ɗaukar hoto ake ɗora ƙarar.

Kuskuren fina-finai da ya fi damunmu shi ne hira kai tsaye da mutumin da ke duniyar Mars. Saƙon rediyo na ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon tazarar da ke tsakanin Mars da duniyarmu a lokacin. Amsar sallamarka sai ka jira ninkinsa.