Fijo 504: Daga Faransa Zuwa Kakuri

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Fijo 504 wadda har yanzu take tashi, amma ƙannena suna son a sayar da ita. Mene ne asalin wannan mota, kuma me ya sa ta yi ƙaranci a tituna? Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙuri. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968 domin ta gaji 404, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. Sai dai a Afirka ta yi sunan da ya fi wannan, musamman bayan da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo kuma ta mayar da ita motar jami'an gwamnati.

Ƙirarta ce ta ja mata farin jini. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafun baya ne suke tura ta, ga shokozoba mai haƙuri da ramuka, shi ya sa doguwarta mai layi uku na kujeru ta mallake tashoshin mota, tana haye Hawan Kibo cike da fasinja da kaya a kan rufi. Injinta kuwa, mai kafireta, babu wani ɓoyayyen abu a cikinsa, duk bakaniken da ya yi shekara biyu a gareji zai kwance shi ya mayar. An daina ƙera ta a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000, duk da cewa 505 da 406 sun zo a bayanta.

Abin da ya kayar da ita kuɗi ne. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai 'yan Kwatano irin su Toyota da Honda suka cika kasuwa da araha da ƙarancin shan mai.

A ganina kada ku yi gaggawar sayarwa, domin kuɗin da za a taya ba zai kai amfaninta ba. Ku sa bakanike ya duba tsatsa a ƙasan bodi, ku zagaya kasuwar Dilimi da ke Jos ku ji farashin kayan gyaranta, sannan magada su zauna su yanke shawara tare.