An Ce Ba Daji Ba Ne, To Me Ya Kawo Tiyata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ne, shekararsa 27, tela ne. Tun bayan Babbar Sallah yake kukan gwiwar dama, muka ɗauka taka keken ɗinki ne. Da wurin ya kumbura aka kai shi wajen mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya murza ya ɗaure, abu ya ƙi. Yanzu an yi hoto a asibiti, likita ya ce ƙari ne a ƙashi, yana zaton GCT, wai ba daji ba ne amma sai an yi aiki. Kawunmu ya ce tunda ba daji ba ne a kira wanzami ya yi sakiya ruwan ya fita. Mahaifiyarmu kuwa tsoronta kada a yanke ƙafar. Wa za mu bi?
Yayarsa, daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba shi lafiya. Ki fara samun Kawu, cikin ladabi, ki roƙe shi wanzami ya mai da askarsa zabira. In zaton likitan ya tabbata, babu mugunya a ciki balle a tsiyaye. Nama ne luguɓ mai yawan jijiyoyin jini. In aka huda shi jini ne zai zuba, ƙwayoyin cuta su samu ƙofar shiga ƙashi, aikin da zai zo da sauƙi ya dagule.

Yadda kika kwatanta ya yi kama da abin da likitanku yake zato, wato GCT (giant cell tumour a Turance), ƙarin ƙashi mai manya-manyan ƙwayoyin halitta. Wannan ƙari ya fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, bayan ƙashi ya gama tsawo, kuma kusan rabinsa a gwiwa yake fitowa, ko ƙarshen ƙashin cinya ko kan ƙashin ƙwauri. Sai wuyan hannu ya biyo baya. Gaskiya ne ba a lissafa shi cikin daji, amma kada wannan kalma ta sa ku miƙe ƙafa. Yadda gara ke cin azara ta ciki ta bar ɓawo a tsaye, haka yake yi wa ƙashi, har wata rana mutum ya miƙe daga zaune ƙafa ta karye ba faɗuwa ba bugu. Don haka daga yau ya kama sanduna, ya daina ɗora nauyi a kan ƙafar, murza kuma an gama.

Ki lura likitan "zato" ya ce, kuma na yaba masa da hakan. Hoton ƙashi zai nuna rami a gefe guda dab da gaɓa, amma akwai masu sojan gona. Akwai dajin ƙashi na gaske da shi ma gwiwa yake so, akwai tsohuwar mugunya a bargo, akwai kuma wani rami da ciwon wasu 'yan ƙananan sassan jiki a wuya masu daidaita kalsiyam (parathyroid) ke haddasawa, wanda ko a madubin ɗakin gwaji kamarsu ɗaya da GCT. Shi ya sa ake auna kalsiyam a jini. Za a nemi hoton MRI don a ga iyakar inda ya ci, da hoton ƙirji, saboda a cikin mutum 100 akan samu biyu ko uku da yake tsallakawa huhu.

Sannan a ɗebi ɗan nama a kai gwaji. Nan ne nake so ki buɗe kunne, don nan aka fi yin ɓarna, kuma ba wanzamai kaɗai ba, har mu masu farar riga. Duk hanyar da allura ko wuƙa ta bi ta shiga ƙarin, mun ɗauka ta gurɓata, ranar babban aiki sai an yanke ta an fitar. In wanda ya ɗebi naman ya tsaga a kwance maimakon bin tsawon ƙafa, ko ya ratsa ta cikin gaɓa, ya jawo wa mai aikin ƙarshe cire naman da bai kamata a taɓa ba. Saboda haka wanda zai yi tiyatar, shi ko mutanensa, su za su ɗebi naman. Ku nemi a tura ku inda ake wannan aiki a kai a kai, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake nan tun 1959, ko asibitin koyarwa na Shika. Ku tafi da hotunan kansu, ba takardar sakamako kaɗai ba.

Ita kuma Mama, ki kwantar mata da hankali. Yanke ƙafa a wannan ciwo ba kasafai ba ne. In ɓawon ƙashin bai fashe ba, taga muke buɗewa a jikinsa, mu kwashe naman da cokalin tiyata, mu bi bangon ramin da ɗan injin goga irin na likitan haƙori, lungu-lungu, wani sa'in a shafa sinadarin fenol. Sai a kwaɓa simintin ƙashi a cusa. Yayin da yake daskarewa yakan ɗauki zafi har ka ji a safar hannunka, zafin nan yana taimakawa wajen kashe ragowar. In ramin babba ne a tallafa da ƙarfe da kusoshi. Kwashe naman kaɗai ba tare da waɗannan ba, ƙarin kan dawo wa mutum ɗaya cikin huɗu, wani lokacin har rabi. Da su kuwa yakan sauko zuwa ɗaya ko biyu cikin goma.

In an yi jinkiri har ya rushe gaɓa, lissafi ya canza: sai a cire kan ƙashin ɗungurungum a sa gwiwar ƙarfe mai ɗan karen tsada, ko a haɗe ƙafar ta miƙe sanƙarau. Tela da ƙafar da ba ta lanƙwasa, kin ga an taɓa abinci. Akwai allurar denosumab da Amurka ta amince da ita don wannan ƙari a 2013. Tana taurara shi, amma ni ban ɗauke ta madadin wuƙa ba, don in aka daina yakan farfaɗo. Bayan aiki zai riƙa zuwa hoto duk 'yan watanni, musamman shekara biyu zuwa uku na farko, lokacin da ya fi dawowa.

TAMBAYA: Likita, ina da ƙullutu a bayan kafaɗa shekara da shekaru, mai laushi, ba ya ciwo. Sai an cire?
Wani magidanci, daga Maraɗi.

AMSA: Malam, mai yiwuwa ƙarin kitse ne. In yana zamewa ƙarƙashin yatsa, bai kai santimita 5 ba, kuma yana nan yadda yake, likita ya taɓa ya tabbatar, ka bar abinka sai in yana hana ka kwanciya. Amma in ya wuce haka, ko yana ƙaruwa, ko ya nutse cikin tsoka, ko ya fara ciwo, a yi hoto tukuna kafin kowa ya kawo wuƙa kusa da shi.