Wasan haɗa hoto da tsohon kwali

'Yar uwa, kin tambaya ko akwai wasan da za ki haɗa wa yara da tarkacen gida ba tare da kashe kuɗi ba. Akwai, wasan haɗa hoto.

Ki samu kwali marar kauri sosai, irin na takalmi, da hoto daga tsohuwar kalanda. Ki zaɓi mai launuka daban-daban, don wanda rabinsa sararin sama ne ko babba sai ya ruɗe. Ki shafa gam har gefe-gefe, ki manna, ki danne da littattafai ya kwana. A nan ake yawan gaggawa: in kika yanka gam bai bushe ba, hoton zai yamutse ya ɓamɓare. Da safe ki juya bayansa, ki ja layuka da fensir, ki bi da almakashi. Ɗan shekara 3, gutsure 4 zuwa 6 manya-manya sun ishe shi, ɗan shekara 6 kuwa zai iya 20. Ki adana su cikin ambulan.

Yankan ke za ki yi, ba su ba. In akwai mai rarrafe a gidan, kada gutsure ya zama wanda zai shige bakinsa. Idan yaro ya haɗiye ko ya shaƙe, a garzaya asibiti nan take.